HARAFI ƊAYA KAN ƁATA WAHALAR SHEKARA SHIDA

Kowace shekara, idan damina ta kusa, lokacin jarrabawa ya zo. Ƴan kwaleji suna neman birbe bayan karatun shekara 4. Ƴan lise suna neman bak. Masu koyon sana'a suna nuna aikin hannunsu. A ƙauyuka kuma, cibiyoyin yaƙi da jahilci suna rufe karatun rani da gwaji.

Wanda ya ci, ana ba shi takardar shaida. Wannan takarda ita ke magana a madadin mutum inda ba a san shi ba. Da ita ake wucewa makaranta ta gaba. Da ita ake neman aikin malanta, ko na likita, ko na soja. Amma idan sunan da ke kanta ya saɓa da na takardar haihuwa, ko da harafi ɗaya ne, ana iya mayar da dosiyen mutum. Yaro ya yi shekara 6 a lakkol, uba ya sayar da hatsi da akuya don littafi da tufafi, sai ɗan kuskuren alƙalami ya tare hanya.

INDA KUSKURE KE FARAWA

Yawancin kurakurai suna farawa tun ranar da aka rubuta yaro lakkol.

Yaro yana da sunan yanka, yana kuma da sunan da ake kiransa a gida. Wanda aka raɗa wa Abubakar ana ce masa Bube ko Garba. Wadda aka haifa ran Lahadi ana ce mata Ladi. Uwa tana jin kunyar faɗin sunan ɗanta na fari, sai ta ba mushe laƙabi. Mushe ya rubuta abin da ya ji. Takardar haihuwa na ɗauke da suna ɗaya, rajistar lakkol na ɗauke da wani.

Akwai kuma sunan uba. Yaron da ya tashi hannun kakansa ko baffansa, sau da yawa da sunan mai riƙonsa ake rubuta shi.

Rubutun faransanci ma yana kawo tasa rigimar. A takardun gwamnati ana rubuta Shaibu "Chaibou", Usmanu "Ousmane". Mahamadu, Mahaman da Mamman asalinsu ɗaya ne, amma a wurin hukuma sunaye uku ne dabam.

TAKARDAR HAIHUWA ITA CE TUSHE

Dokar da aka kafa a 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa. Ana sanarwa a likita ko wurin mai rubuta haihuwa na gari, sannan a karɓi takarda a ma'aikatar magajin gari. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali. Wannan ya fi shafar makiyaya, domin haihuwa takan same su a daji, nesa da gari. Shi ya sa wani lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka da rugage su yi zaman ba da takardu. Duk wanda ya ji labarin irin wannan zama, kada ya bari ya wuce shi.

Ranar da uba ya karɓi takarda, ya karanta ta nan take, ko ya sa a karanta masa: sunan yaro, sunan uba, sunan uwa, rana, wata, shekara da gari. Ita zai kai lakkol, daga cikinta mushe zai kwafi suna. Tun ran gini, ran zane.

AIKIN MALAMAI DA MA'AIKATA

Kafin jarrabawa, darektan makaranta yana haɗa dosiyen kowane yaro, ya aika da jerin sunaye ga hukumar ilimi. Sunan yaro yana bi ta hannu da yawa, kuma kowane hannu na iya zamewa. Yau ana buga sunaye da kwamfuta, amma kwamfuta abin da aka ba ta take fitarwa.

Ga dabarun da ke toshe ɓaraka:

1. A kwafi suna daga takardar haihuwa, ba daga baki ba.
2. Mutum biyu su duba jerin sunaye: ɗaya na karantawa, ɗaya na bi da yatsa.
3. A liƙa jerin a makaranta tun da wuri, kowane yaro ya ga sunansa, iyaye ma su gani.
4. Idan yara biyu suna da suna ɗaya da sunan uba ɗaya, a rarrabe su da ranar haihuwa, sunan uwa da lambar jarrabawa.
5. A wajen gyaran jarrabawa, a rufe sunan yaro a bar lamba, don kada sanayya ta shiga.
6. A sake lissafin maki sau biyu. Yaron da ya samu 17 bisa 20, idan aka kwafe shi 11, an sace masa maki 6, kuma wannan ya isa ya kayar da shi.
7. A ajiye rajista a akwatin ƙarfe, nesa da gara, ruwa da wuta.

A CIBIYAR YAƘI DA JAHILCI

Tun 1963 aka fara karatun manya a Nijar. A shekarun da suka biyo, manoman da suka koyi rubutu da lissafi a jihohin Maraɗi da Damagaram sun riƙe awo da rubutu a kasuwannin gyaɗa na ƙungiyoyin manoma. Har yau, ƙungiyar manoma, bankin hatsi ko asusun mata na neman wanda ya iya riƙe littafi. Takardar cibiya ita ke nuna shi.

Saboda haka malamin cibiya ya yi kiran suna kowace rana. Kada wani ya zauna gwaji a madadin ɗan'uwansa. Kwamitin gari ya halarci ranar gwaji. Kuma kowane ɗalibi ya rubuta sunansa da hannunsa, ya gwada shi da na katinsa na ɗan ƙasa.

IDAN KUSKURE YA RIGA YA AUKU

Kada a kankare, kada a gyara da bik. Takardar da aka taɓa ta zama ta jabu, kuma doka na hukunta wannan. A ɗauki takardar shaida da ta haihuwa a kai wa darekta, shi zai nuna ofishin da ya ba da ita. Idan takardar haihuwar ce ke da kuskure, a fara da ma'aikatar magajin gari, su za su faɗa ko sai an je wurin alƙali. Gyara yana cin kuɗin mota da kwanakin aikin gona, shi ya sa dubawa tun farko ta fi sauƙi.

Takarda ta asali a sa ta cikin leda a adana a akwati. Wajen neman aiki a kai kwafinta wanda hukuma ta buga wa hatimi.

Manomi ko makiyayin da ya yi karatun manya ya samu babban makami. Shi ne zai duba takardar ɗansa, ya duba ta ɗan maƙwabcinsa da bai iya karatu ba. Kafin a aika da sunayen ƴan jarrabawar bana, kowane uba da kowace uwa su leƙa lakkol.