Yadda Ake Neman Kuɗin Yin Hanyar Ƙafa A Gefen Titi

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da malamansu na arewacin Jihar Kano, watau ƙasashen Dawakin Tofa da Bichi da Tsanyawa da Kunchi da Ɗambatta da Makoɗa da Minjibir da maƙwabtansu. Nufinta ta bayyana inda kuɗin kare masu tafiya a ƙasa yake fitowa, da kuma yadda ake roƙonsa har a dace.

Dalilin wannan aiki

Ƙasar nan cike take da jama'a. Gona tana haɗe da gona, gari kuma bai yi nisa da gari ba. Manyan hanyoyi biyu sun ratsa ta. Ɗaya ta bi ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa ta nufi Katsina, ɗaya kuwa ta bi ta Ɗambatta da Kazaure ta nufi Daura. An shimfiɗa su domin mota, amma ba mota kaɗai ke bin su ba. Akwai 'yan makaranta, da 'yan talla, da mai jaki ɗauke da mangalar taki, da mai amalanke, da tsoho mai zuwa masallaci. In babu wurin da aka keɓe musu, tilas su hau kwalta su yi gogayya da tirela.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta kuma nuna cewa in gudun mota ya tashi daga kilomita 50 a sa'a zuwa 65, haɗarin mutuwar wanda ta buge yakan ninka fiye da sau huɗu. Saboda haka abin nema iri biyu ne: a raba mai ƙafa da mota, kuma a rage gudun mota a cikin gari.

Da fari, a san mai hanya

A zamanin En'e, Baitulmali ke biyan aikin hanyoyin ƙasa, hakimi kuma yana da hannu a ciki kai tsaye. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wannan ya wuce. Yanzu hanyoyi kashi uku ne, kowanne da mai shi.

1. Hanyar tarayya, kamar ta Katsina da ta Daura. Gina ta na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ne, kula da ita kuwa na hukumar FERMA ne, wadda aka kafa a 2002.

2. Hanyar jiha, wadda ke hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Jihar Kano.

3. Titunan cikin gari da lambatu da fitilun titi da kasuwanni da tashoshin mota. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora waɗannan a kan ƙaramar hukuma.

Lalle malamin hakimi ya tabbatar da wannan kafin ya ɗora alƙalami. Takardar da aka kai ƙofar da ba tata ba takan kwana a ƙasan fayil, ba don abin da ke ciki ba shi da kyau ba, sai don wanda ya karɓa ba shi da ikon taɓa hanyar. Haka kuma kada a bar matasa su gina tudun rage gudu a kan kwalta ba da izinin mai hanya ba, ko da zuciya ta ɓaci bayan haɗari. Tudun da ba awo ba alama, da dare shi ma yakan kayar da mai babur.

Ƙofofin kuɗi

Ta farko ita ce ƙaramar hukuma. Ita ta fi kusa, kuma ƙananan ayyuka kamar cike gefen titi da marmara, da rufe lambatu, da kafa fitila, sun fi dacewa da ita. A ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu na asusun tarayya kai tsaye. Ya kamata hakimi ya san wannan sa'ad da yake magana da shugaban ƙaramar hukumarsa.

Ta biyu ita ce kasafin kuɗin jiha. Aikin da bai shiga kasafi ba, da wuya a biya shi.

Ta uku ita ce ayyukan mazaɓu da 'yan majalisar tarayya ke sawa cikin kasafin ƙasa. Ana iya tuna musu cewa hanyar ƙafa a bakin makaranta ta fi abin da ake rabawa ya ƙare a yini ɗaya daɗewa.

Ta huɗu ita ce manyan shirye-shirye da ake yi da kuɗin waje. Ga misali shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 tare da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, kuma Kano na cikin jihohi 13 da aka fara da su. Amma a lura, irin wannan kuɗi rance ne da gwamnati ke ci, ba kyauta ce da gari zai rubuta a aiko masa ba. Abin da hakimi zai yi shi ne ya nemi a sa hanyar ƙafa da wurin tsallakawa tun ana zanen aikin. Abin da aka sa a zane ya fi araha bisa wanda za a fasa kwalta a ƙara daga baya.

Ta biyar ita ce gudummawar ofisoshin jakadanci. Ofishin jakadancin Japan a Abuja, alal misali, ya daɗe yana ba da tallafi ga ƙananan ayyukan al'umma. Irin waɗannan ba su ba mutum ɗaya. Sai ƙungiya mai rajista, mai asusun banki da littafin lissafi. To, in garin yana da ƙungiyar ci gaba, a gyara takardunta tun yanzu.

Abin da za a sa cikin takardar roƙo

Mai ba da kuɗi ba ya auna kuka, lissafi yake aunawa. Saboda haka malami ya tanadi waɗannan.

1. Wurin, da sunansa da tsawonsa. Kada a ce "duk garin". A ce daga ƙofar firamare zuwa mararraba, mita kaza.

2. Yawan masu bi. A tsayar da mutum biyu su ƙidaya masu tsallakawa da safe da lokacin tashi daga makaranta, sau ɗaya ranar kasuwa, sau ɗaya ranar da ba kasuwa. Garuruwa irin su Ɗambatta da Badume, ranar kasuwarsu dabam take da sauran ranaku.

3. Haɗarin da ya auku. Dagatai da masu unguwanni su kawo rana da wuri, sa'an nan a gwada da abin da ke rubuce a asibiti da ofishin 'yan sanda da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Kada a ƙara ko ɗaya. Ƙari guda in an gano shi ya isa ya ɓata takardar duka.

4. Abin da ake so. Hanyar ƙafa mai tudu kaɗan bisa kwalta, mai faɗin da mai kaya a ka da mai jaki za su wuce juna. Zanen tsallakawa a bakin makaranta da kasuwa. Allon gargaɗi, da fitila, da wurin tsayawar motocin haya a bayan titi.

5. Kimar kuɗi, da sa hannun injiniyan ƙaramar hukuma. In ya yiwu a raba aikin kashi-kashi, domin wanda ba zai iya duka ba ya ɗauki rabi.

6. Abin da gari zai bayar da kansa, ko yashi, ko aikin gayya, ko gadin kayan aiki.

Aikin da sai hakimi

Akwai abin da injiniya ba zai iya ba. A ƙasar da kowane taku yake da mai shi, hanyar ƙafa za ta ci bakin gonar wani, ko rumfar wani, ko dakalin ƙofar gidan wani. Wajibi ne a zauna da su tun kafin a aika da takarda, a auna abin da zai shiga, a rubuta wanda ya yafe da wanda ke neman diyya, kowa ya sa hannu gaban dagaci. A kuma nema wa masu shayi da masu tsire da 'yan tebur wani wuri na kusa. In ba haka ba, ran da aka gama aiki ran nan za su shimfiɗa kaya a kai, yara kuma su koma kan kwalta kamar ba a yi kome ba. Mai ba da kuɗi yakan tambayi wa zai kula da aikin bayan an gama. Amsar ta zama a rubuce: wa zai share yashi, wa zai yashe lambatu kafin damina, wa zai hana a kafa rumfa.

Lokacin aikawa

Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa a Janairu, gwamna kuwa yakan kai kasafi majalisa wajen ƙarshen shekara. Saboda haka takarda ta isa ma'aikata tun damina ba ta ƙare ba. A bi da ita ta hannun shugaban ƙaramar hukuma, a sanar da Majalisar Masarauta, a ba ɗan majalisar jiha kwafi. Malami ya ajiye nasa kwafin mai hatimin karɓa, ya kuma riƙa tuni a rubuce. In ba a samu bana ba, a sabunta ƙidaya a sake aikawa baɗi. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin kuɗi su zo, akwai abin da ba ya bukatar ko kwabo. A sa dattijo ya tsallakar da yara safe da rana, a janye rumfunan da suka ci titi, limamai kuma su yi wa direbobi da iyaye nasiha ranar Juma'a.

Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu, ya ba mu sa'ar abin da muka sa gaba, amin.