Kwantar da matashi a asibitin ƙwaƙwalwa: daga Kasuwar Daji zuwa Kware

Kwantar da matashi don jinyar taɓin hankali shi ne a ɗauke shi daga gida na wani lokaci, a ajiye shi inda likita da ma'aikatan jinya za su sa masa ido dare da rana, har ciwon ya lafa a sallame shi. Ba da shi ake fara magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka kan fara tun kafin yaro ya wuce shekara 14. Mafi yawansu ana iya duba su a asibiti su koma gida a ranar. Kaɗan ne ke bukatar gado.

Dalilan ba da gadon sanannu ne. Akwai yaron da ya yi yunƙurin kashe kansa ko yake yawan zancen hakan. Akwai wanda ya daina ci da sha da barci, ko yake jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi, ko ya fara ɗaukar makami a kan 'yan gidansu saboda ya gaskata cewa guba ake sa masa a abinci. Akwai kuma wanda ƙwaya ta kama shi har jikinsa ba ya iya zama babu ita, domin yanke wasu ƙwayoyin farat ɗaya, irin su diazepam da matasa ke kira D5, na iya jawo jijjiga mai haɗari. Rashin jin magana kawai, ko ƙin zuwa makaranta, ko yawon dare, ba su isa dalilin kwantar da yaro ba, ko da yake su ne suka fi sa iyaye neman inda za a kulle musu shi.

A yankin Kasuwar Daji da Kaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi a jihar Zamfara, abubuwa biyu sun ƙara wa matsalar nauyi. Na farko shi ne ta'asar 'yan bindiga. Matashin da yake ɗan shekara 16 a yau a wannan yanki ya taso ne cikin labarin hari da garkuwa da gudun hijira. Wasu sun kwana a daji a hannun masu garkuwa, wasu an kashe iyayensu a gabansu. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a watan Satumba na shekarar kuma aka rufe makarantu da kasuwannin mako aka katse layukan waya a jihar Zamfara. Yaron da ya ga irin wannan kan koma mai firgita cikin barci, mai zabura da ƙarar babur, wani kuma ya yi shiru kamar an ɗauke masa harshe. Na biyu shi ne shaye-shaye: wiwi, tramol, sholisho, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a watan Mayu na 2018 bayan wani binciken BBC. Sau da yawa na biyun ɗan na farkon ne, domin yaro kan fara shan ƙwaya ne don ya samu barci.

Da wuya iyali su nufi asibiti kai tsaye. Idan yarinya ta faɗi tana ihu sai a ce iska ce, a kira malami ya yi ruƙiyya, a ba ta rubutu, a yi mata turare. Idan saurayi ne ya fara surutai sai a ce sammu aka yi masa. Addu'a da tofi ba sa hana magani aiki, kuma likitoci da dama ba sa hana su. Illar tana cikin watannin da ake ɓatawa kafin a ga likita, domin ciwon da aka tara da wuri ya fi saurin jin magani.

Idan abin ya gagara, sai a tuna da gidan mari. Sunan ma ya faɗi abin da ke ciki, domin mari shi ne ƙarfen da ake sa wa ƙafa. A irin waɗannan gidaje ana haɗa mai taɓin hankali da ɗan ƙwaya da kangararre da wanda ya yi sata a ɗaki guda, horonsu ɗaya, babu likitan da ya bambance su. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka yi irin wannan samame a Daura da Katsina da Zariya, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ce ba za a lamunci gidajen azabtarwa da sunan gyaran hali ba. A watan Nuwamba ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan ɗaure masu taɓin hankali a Najeriya, inda ta nuna cewa ba gidajen malamai kaɗai ke yi ba, har da wasu coci-coci da cibiyoyin gwamnati. Abin lura shi ne yawancin yaran iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗin ciyarwa. Ba ƙiyayya ta kai su ba, rashin wata ƙofar ce.

Ƙofar asibiti kuwa tana da nisa. Akwai babban asibiti a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana aiki a na Shinkafi da na Zurmi, amma mai neman likitan ƙwaƙwalwa sai ya kama hanyar Gusau, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Manyan asibitocin da aka keɓe don wannan ciwo kaɗai suna wajen jihar: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya da Kano su ma suna da sashen masu taɓin hankali. Daga Gusau zuwa Sakkwato tafiyar kusan kilomita 200 ce, kuma ɗaukar yaron da ke fisge-fisge a motar haya a hanyar da ba a bi bayan la'asar ba ƙaramin aiki ba ne. A faɗin ƙasar mai mutum fiye da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, waɗanda suka ƙware a kan yara da matasa kuwa 'yan tsiraru ne a cikinsu.

Ranar da aka isa, aikin farko tambayoyi ne. Likita kan so ya ji yaushe abin ya fara, me yaron ke sha, ko akwai mai irin ciwon a dangi, ko ya taɓa faɗuwa ya bugu a ka. Ana gwada jini da fitsari, domin zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da farfaɗiya, duk suna iya kama da hauka, kuma maganinsu daban. Bayan haka ake sa suna ga ciwon: ko damuwa ce mai tsanani, ko ciwon da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi ya dawo da shi ƙasa, ko rikicewar tunani mai sa jin muryoyi, ko kuwa aikin ƙwaya ne zalla.

Magungunan da aka fi amfani da su sun haɗa da haloperidol da chlorpromazine da risperidone da olanzapine ga masu rikicewar tunani, sai fluoxetine ga masu damuwa. Ba sa aiki dare ɗaya. Maganin damuwa kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga sauyi. Wasu magungunan kuma kan sa wuya ya sanƙare, hannu ya yi rawa, yawu ya riƙa zuba, abin da ke firgita iyaye su ce an mayar musu da yaro dolo. Wannan yana gyaruwa da rage magani ko ƙara wani, sai dai maganin da ake ƙarawar, wanda aka fi sani da Exol, shi ma ya shiga jerin ƙwayoyin da matasa ke sha don maye, don haka ake so ya zauna a hannun babba. Ban da magani akwai zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, da koyon sana'ar hannu, da tsarin lokacin barci da wanka da cin abinci, wanda shi kansa magani ne ga yaron da dare da rana suka cakuɗe masa. Zaman kan kasance na makonni. Na masu barin ƙwaya kan kai watanni.

Matsayin iyali a jinyar yana da tarihi a Najeriya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda ake sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya, su je asibiti da rana su kwana cikin mutane. Tsarin ya yi suna a duniya saboda ya nuna cewa mara lafiyar da ba a yanke shi daga dangi ba ya fi saurin komawa rayuwarsa. Ga matashi wannan ya fi ƙarfi, domin shi bai riga ya gina wata rayuwa ta kansa ba. Shi ya sa tambayoyin da suka kamaci uba kafin ya sa hannu su ne ko za a bar shi ya ga ɗansa, ko yaron zai kwana ɗaki ɗaya da manya, da kuma, idan 'ya mace ce, ko mata ne za su kula da ita. Wurin da ya hana iyaye ganin yaro na tsawon watanni da sunan kada a ɓata horo, abin tuhuma ne ko da farar riga ake sawa a cikinsa.

Doka ma ta sauya. Najeriya ta shafe shekaru da dama tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulki ta 1916, kuma abin da ya dame ta shi ne tsare mutum, ba warkar da shi ba. A watan Janairu na 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya.

Sallama ita ce mataki mafi rauni. Yaro ya dawo Kasuwar Daji da maganin wata ɗaya da takardar ranar komawa, amma kuɗin mota da na magani daga aljihun uba za su fito, ga noma ya yi wuya. Da an ga ya samu sauƙi sai a daina ba shi magani, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, a ce asibiti bai yi ba. Abokan shaye-shayen suna nan inda ya bar su, sunan mahaukaci kuma kan bi yaro har makaranta, ya bi yarinya har maganar aure, abin da ke sa wasu iyaye ɓoye zuwan asibitin gaba ɗaya. Tun 1991 Najeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, kuma a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don koya wa ma'aikatan lafiya na karkara gane waɗannan cututtuka da ci gaba da ba da magani. Inda aka samu ma'aikacin da ya sami wannan horo a asibitin garin, iyali kan karɓi maganin wata-wata a kusa, su bar doguwar tafiya sai ranar da likita ya ce yana son ganin yaron da kansa.