Carmarthen, garin da manoma suka riƙe

A ƙarni na 16 da na 17 babu gari a Wales da ya kai Carmarthen girma. Yau mutanenta ba su cika dubu 20 ba, kuma Llanelli da ke cikin gunduma ɗaya da ita ta fi ta jama'a. Kwal ne ya jawo haka. Da aka shiga haƙarsa ana narka ƙarfe a kudu maso gabas, sai kuɗi da ma'aikata suka koma can, aka bar Carmarthen da kiwo da fatauci.

Garin tsoho ne. Wajen shekara ta 75 Rumawa suka kafa sansani a bakin kogin Tywi, suka kira shi Moridunum, kuma har yanzu ana ganin kufan filin wasansu. A inda ganuwar Normawa take aka gina kurkuku, daga baya ofishin gundumar ya maye gurbinsa. 

Amma a ganina manoma ne suka ba garin halinsa. A 1843, da kuɗin shingen hanya ya ishe su, maza suka riƙa sa kayan mata da dare suna farfasa shingayen, suna kiran kansu 'ya'yan Rebecca. A watan Yuni suka shigo gari tsakar rana, suka auka wa gidan da ake tsare matalauta ana sa su aiki, sai da sojan doki suka tarwatsa su. Jikokinsu ne suka zaɓi Gwynfor Evans ranar 14 ga Yuli 1966, ɗan jam'iyyar Plaid Cymru na farko da ya shiga majalisar dokoki a Landan. Shi ne kuma a 1980 ya yi barazanar ƙin cin abinci har mutuwa idan ba a kafa talabijin na harshen Welsh ba. Gwamnatin Thatcher ta sauko, tashar S4C ta fara aiki a 1982, kuma a 2018 hedikwatarta ta tare a Carmarthen.

Abincin garin yanzu albashi ne da nono: asibitin Glangwili, jami'a, ofisoshin gunduma, da garkunan shanun madara da ke kewaye. An fitar da kara zuwa Nantyci a bayan gari, aka gina kantuna a filinta a 2010. Babban cikinsu, Debenhams, ya rufe a 2021, alhali ana ci gaba da cinikin shanu a Nantyci.

Harshen Welsh kuwa yana ja da baya. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin Welsh a gundumar sun ragu daga kashi 43.9 cikin ɗari zuwa 39.9 a shekara goma, raguwar da babu gundumar da ta kai ta a duk Wales.