Aikatau Huɗu da Aƙidar Keɓewa a Hausar Kiristocin Jalingo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda ake amfani da aikatau huɗu, wato keɓe da ware da ɓalle da rabu, wajen bayyana rarrabuwar ɗariku tsakanin Kiristocin Jalingo. Hausa ce harshen cuɗanya a garin, daga Barade har Magami, kuma da ita ake wa'azi a majami'u da dama inda Mumuye da Wurkun da Jenjo suke haɗuwa.

2.0 Aƙidar Keɓewa

Wannan aƙida hawa biyu gare ta. Na farko shi ne mai bi ya nisanci abin da ake kira "duniya", bisa dogaro da 2 Korintiyawa 6:17. Na biyu, wanda ya fi tsanani, shi ne ya nisanci ɗan'uwansa mai bi in yana ganin ya gurɓata. A kan hawa na biyu ne jama'ar John Nelson Darby suka dare gida biyu a Ingila a 1848, har wani reshensu ya kai ga haramta cin abinci da wanda ba nasu ba a shekarun 1960.

Makamancin haka ya auku ga Ikilisiyar United Methodist, mai tushe a Bambur tun 1923 da hedkwata a Jalingo. A 2024 babban taronta na duniya, wanda aka yi a Amurka, ya ɗage hanin naɗa masu neman jinsinsu a aikin fasto. A watan Yuli Bishop John Wesley Yohanna ya koma Global Methodist da magoya bayansa, wasu kuma suka ƙi binsa. A watan Disamba rikicin ya ci rayuka 3 a Ƙaramar Hukumar Karim Lamido.

3.0 Zaɓin Aikatau

Dubi waɗannan misalai:

(1) Mun keɓe kanmu.
(2) An ware su.
(3) Sun ɓalle.
(4) Mun rabu.

A tsarin Parsons na 1960, aikatau ukun farko 'yan aji 4 ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Keɓe yana tafe da ma'anar tsarki, domin abin da aka keɓe wa Allah ba a gauraya shi. Shi ya sa mai magana kan zaɓe shi domin kansa. Ware kuwa, a misali na (2), yana nuna akwai mai iko da ya yanke hukunci.

Ɓalle ne ya fi ɗaukar hankali. Maɓalli ne ke ɓallewa daga riga, akuya daga turke. Rigar da turken suna nan daram. Ke nan duk wanda ya faɗi (3) ya riga ya yi da'awar cewa shi ne uwa. Ɓangaren Yohanna ya ce ikilisiyar ce ɗungurungum ta ƙaura, ɗaya ɓangaren ya musa, aka kai ƙara kotu kan kadarori. A ganinmu, gardamar majami'u da makarantu tana ƙunshe cikin wannan aikatau: wa ya ɓalle daga wa?

Rabu, ɗan aji 7, bai ambaci wanda ya raba ba, saboda haka bai ɗora wa kowa laifi ba. Shi ne ya fi dacewa da bakin mai sulhu, da kuma gidan da wa yake zuwa wannan majami'a, ƙane waccan.