Tsakanin Nadama da Azabtar da Kai: Matsayin Tausasa wa Rai Bayan Gazawa

Gabatarwa

A watan Yulin 2025 labari ya bazu cewa 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum talatin daga cikin mutanen Banga da ke ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, waɗanda suka yi garkuwa da su, alhali an biya kuɗin fansa. Idan zaman makoki irin wannan ya watse, wata magana kan rage a zukatan dangi: da na sayar da gonar da wuri, da na hana shi kwana a gari. Wannan maƙala tana bayanin yadda shari'a ta tsara wa mutum ya yi mu'amala da ransa a lokacin da yake ganin ya gaza.

Bambanci tsakanin musiba da laifi

Malamai, cikinsu har da Ibn Taimiyya (ya rasu a 728 bayan Hijira), sun fitar da wata ƙa'ida daga hadisin jayayyar Annabi Adamu da Annabi Musa (AS): ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, amma ba a kafa ta a kan saɓo. Saboda haka abu na farko da ya wajaba ga mai zargin kansa shi ne ya tantance abin da ya faru. Magidancin da ya sayar da gero da shanun huɗa, ya ci bashi, amma duk da haka aka kashe ɗansa, musiba ce ta same shi, alhakin jinin kuwa yana wuyan wanda ya zubar da shi. Aya ta 286 ta Suratul Baƙara ta tabbatar da cewa taklifi yana tsayawa ne a iyakar iko. Haka nan hadisin Abu Huraira (RA) a Sahihu Muslim ya hana mumini nanata "da na yi kaza" bayan ya yi iya ƙoƙarinsa, domin Shaiɗan yana shiga ta wannan kafa.

Idan akwai sakaci na gaskiya

Wani lokaci gazawar ta haƙiƙa ce. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, yawancin maharba sun bar dutsen da aka tsayar da su, aka rasa sahabbai kimanin saba'in. Alƙur'ani ya ambaci kuskuren a fili cikin Suratu Ali Imrana, sa'an nan ya sanar da afuwa a aya ta 155. A aya ta 159 kuma aka umarci Annabi (SAW) ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawartar su. Ke nan an mayar wa masu kuskure matsayinsu a cikin jama'a. Wanda Allah ya buɗe wa ƙofar afuwa ba shi da ikon rufe wa kansa ita.

Ma'aunin nadama

Nadamar da shari'a take so tana kai mutum ga aiki: istigfari, biyan haƙƙi, kula da marayun da aka bari. Wadda take hana barci da ci, ta raba mutum da jam'in salla da gonarsa, ta kusanci yanke ƙauna da aya ta 53 ta Suratuz Zumar ta hana. Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i (RA) cewa rai yana da haƙƙi a kan mai shi, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Kammalawa

Ya kamata limamai da malaman zaure a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi su riƙa fayyace wannan bambanci a huɗuba da wuraren ta'aziyya, su kuma shawarci wanda damuwa ta daɗe tana cin sa ya ga likita, domin neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sanyaya zukatan iyalansu. Allah ne mafi sani.