Gwanin Atisaye, Ragon Gasa: Kimiyyar da ke Cikin Wasan Boling

A biranen Amurka akwai wani wasa da ake kira boling, wanda ma'aikata da ɗalibai da tsofaffi ke taruwa su yi da yamma sau ɗaya a mako. Sukan kafa ƙungiyoyi, galibi na mutum huɗu ko biyar, su yi ta karawa da juna har tsawon makonni 30 ko fiye, ana tara maki. Wannan ita ce gasar lig. To, akwai wani kuka da ba ya ƙarewa a bakin masu wannan wasa. Mutum zai je shi kaɗai ya yi atisaye, ya ci maki 200 ba tare da wata wahala ba, amma ran gasa, ga shi ga ƙwallonsa, ga titin da ya saba, sai ya ƙare da 150. Wasu su ce rashin sa'a ne, wasu su ce tsoro. Masana sun duba lamarin, kuma amsar ta taɓo lissafi da fizis da aikin ƙwaƙwalwa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. Ana mirgina ƙwallo mai nauyi ne a kan wani santsin titi, domin a kayar da kwalabe goma da aka jera a ƙarshensa cikin siffar alwatika. Kwalaben na itace ne da aka lulluɓe da roba, tsawon kowacce santimita 38, nauyinta kimanin kilo ɗaya da rabi. Ƙwallon kuwa doka ba ta yarda ya wuce kilo 7.26 ba. Daga layin iyaka, inda mai jifa ke sakin ƙwallo, zuwa kwalba ta farko mita 18.29 ne, faɗin titin kuma mita ɗaya da ɗan ɗoriya, an raba shi zuwa siraran falankai 39. Wasa ɗaya turmi goma ne, a kowane turmi mutum yana da jifa biyu. Idan ya kayar da goman a jifa ta farko, ya yi kwaf-ɗaya ke nan, za a ba shi maki goma a haɗa masa da abin da ya samu a jifa biyu na gaba. Idan kuwa sai a jifa ta biyu ya kwashe saura, ya yi kala, za a ba shi goma da abin da ya samu a jifa ɗaya ta gaba. Wanda ya yi kwaf-ɗaya sau 12 a jere shi ne ya kai ƙurewar maki, wato 300. Hukumar USBC, wadda aka kafa a 2005 bayan haɗe tsofaffin hukumomin wasan, ita ke kula da waɗannan dokoki a Amurka.

Lissafin kusurwa

Wanda bai san wasan ba zai zaci a tsakiyar kwalba ta farko ake so ƙwallo ya buga. Hakan kuwa yakan huda tsakiya ne ya bar kwalabe tsaitsaye dama da hagu. Inda mai jifa da hannun dama ke nema shi ne tsakanin kwalba ta 1 da ta 3, wurin da ake kira aljihu. A jifar da ta yi kyau, kwalabe huɗu kacal ƙwallon ke taɓawa, wato ta 1 da ta 3 da ta 5 da ta 9. Sauran shidan 'yan'uwansu ne ke kayar da su.

Shiga aljihu kaɗai bai isa ba, sai an dubi kusurwar da ƙwallon ya shiga da ita. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna cewa kusurwar da ta kai kimanin digiri 6 ta fi ba da kwaf-ɗaya, domin ƙwallon da ya shiga a karkace ba ya gocewa bayan ya bugi kwalba ta farko, yana ci gaba da kutsawa har ya sami ta 5. Ɗalibin da ya iya lissafin kusurwa zai iya gwada wannan a takarda. Idan mutum ya tsaya a can gefen titi ya miƙe jifa zuwa aljihu, kusurwar da zai samu ba ta kai digiri biyu ba. Kafin ya sami digiri 6 da miƙaƙƙiyar jifa sai ya matsa gefe kusan mita biyu, wato ya fita daga titinsa ɗungurungum. Saboda haka babu makawa sai ƙwallon ya lanƙwasa a hanya.

Lissafin ya kuma nuna yadda ƙaramin kuskure ke girma. Karkatar digiri ɗaya tak a lokacin saki tana zama santimita 32 a wurin kwalabe, kimanin falankai 12. Wannan ne ya sa masu koyar da wasan ke hana ɗalibi kallon kwalabe. Akwai kibau bakwai da aka zana a kan titi, kimanin mita huɗu da rabi daga layin iyaka, su ake auna. Haka nan ana koya wa mutum ya bar hannunsa ya yi lilo da nauyin ƙwallo, kada ya tura shi da ƙarfin tsiya. Lilon da aka ƙyale yakan ɗauki lokaci iri ɗaya a kowane zuwa da dawowa, saboda haka sai ya dace da taku huɗu ko biyar da mai jifa ke yi. Da zarar damtse ya sa baki, lokacin ya canza.

Man da ido ba ya gani

Abin da ke sa ƙwallo lanƙwasa shi ne gogayya tsakaninsa da titi. Mai jifa yakan sake shi yana juyawa a kaikaice. Amma kashi biyu cikin uku na titin, wato kimanin mita 12 na farko, an shafe shi da mai. Tun asali don kare katako aka fara shafa man, yanzu kuwa da yawancin tituna suka zama na roba, man ya zama shi ne wasan. Yawansa a titi guda bai wuce babban cokali biyu ba. A kan man ƙwallon sulɓewa yake yi, juyinsa ba ya tasiri. Da ya fita zuwa busasshen wuri sai gogayya ta kama shi ya karya kwana, daga nan ya mirgina sosai ya shiga kwalabe.

Irin fatar ƙwallon ma tana da muhimmanci. A da ƙwallayen na roba ne masu santsi. A farkon shekarun 1990 aka fito da wata fata mai ƙananan ramuka da ke tsotse mai, sai lanƙwasa ta ƙaru ƙwarai. Nan ne matsalar ran gasa ta farko take. Duk lokacin da irin wannan ƙwallo ya wuce, yana ɗauke da ɗan mai daga hanyar da ya bi. Ƙwallo mai santsi kuma tura man yake yi gaba zuwa inda ya kamata ya zama busasshe. Mai atisaye shi kaɗai ne a titinsa, man yana canzawa a hankali, kuma sau da yawa titin ya daɗe da shafa. A gasar lig kuwa mutum goma ne kan tituna biyu da aka shafa sabo, kowa zai yi wasa uku. Wasanni 30 ke nan, fiye da jifa 300 a dare ɗaya, yawancinsu a kan falankai kaɗan da kowa ke so. Kafin a kai tsakiyar wasa na biyu, hanyar ta bushe, ƙwallon ya fara karya kwana da wuri, ya tsallake aljihu ya bugi hancin kwalba ta farko.

Abin takaici shi ne yawancin masu wasa ba sa zargin titi. Sai mutum ya ɗauka hannunsa ne ya ɓaci, ya shiga gyara abin da ba shi da laifi. Gwanaye suna da ƙa'ida mai sauƙi: idan ƙwallo ya kauce hagu alhali an sake shi daidai, sai a matsa hagu, alal misali ƙafa ta matsa falanki biyu, ido ya matsa ɗaya, domin a nemo inda mai ya rage. Masu jifa da hagu sun ɗan fi samun sauƙi a nan, tun da ba su da yawa, gefensu ba ya saurin bushewa.

Atisaye mai daɗi da atisaye mai amfani

Matsala ta biyu tana cikin yadda ake yin atisayen. Mai atisaye yakan yi jifa, ƙwallo ya dawo cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ya sake yi, kuskuren jifar da ta wuce yana nan ɗanye a jikinsa, sai ya gyara nan take. A gasa kuwa zai yi jifa ɗaya ko biyu ya koma ya zauna, sai mutane da yawa sun yi nasu, sa'an nan ya tashi ya yi a ɗaya titin, wanda mansa daban ne.

A 1979 wasu masana biyu, John Shea da Robyn Morgan, suka gwada wannan bambanci a ɗakin bincike. Sun koya wa mutane motsin hannu iri uku. Rukuni na farko suka maimaita motsi ɗaya sau da yawa kafin su koma na biyu, rukuni na biyu kuwa aka gauraya musu. A lokacin koyo masu maimaici ne suka fi. Da aka dawo aka gwada su bayan kwana goma, sai masu gauraye suka yi musu fintinkau. An sake samun irin wannan sakamako a wasanni kamar badminton. Bayanin da masana da yawa suka karɓa shi ne, wanda aka gauraya wa aiki dole ƙwaƙwalwarsa ta sake gina motsin daga tushe a kowane karo, kuma wannan ginin shi ne ainihin abin da ake buƙata ran gasa. Malamin lissafi zai gane wannan. Ɗalibin da ya yi tambayoyi 20 iri ɗaya a jere yakan ci su duka, amma a jarrabawa ba a gaya masa wane babi tambaya ta fito.

Idan ido ya yi yawa

Matsala ta uku ta fi wuyar sha'ani. A atisaye babu mai kallo. A turmi na goma na wasan ƙarshe, abokai huɗu na zaune a baya sun san cewa jifar nan ce za ta raba gardama. Jiki yana sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugawa, tafin hannu ya yi gumi, yatsu su matse ramukan ƙwallo, taku ya yi sauri. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya haifar da karkatar digiri ɗayan nan.

Amma ba a jiki kaɗai abin ya tsaya ba. Motsin da mutum ya ƙware a kai ba ya bin hanyar tunani daki-daki, kamar yadda mai tuƙa keke ba ya lissafa yadda yake taka feda. Idan damuwa ta zo, sai gwani ya koma sa wa kansa ido, yana tuna gwiwar hannu, yana tuna babban yatsa, kamar sabon shiga. Richard Masters ya nuna a 1992 cewa waɗanda suka koyi bugun golf ba tare da an cika musu kai da dokoki ba sun fi jure matsi. A 2001 Sian Beilock da Thomas Carr suka ƙara wani abu mai amfani. Sun horar da wasu masu koyon golf a gaban kyamara, suka ce musu ƙwararru za su kalli hoton. Da aka sa kuɗi a kan sakamako, waɗannan ba su rikice ba, alhali waɗanda suka yi horo cikin kwanciyar hankali sun rikice. Ashe ana iya sabawa da idon jama'a kamar yadda ake sabawa da nauyin ƙwallo. Binciken Gabriele Wulf, tun daga 1998, ya nuna kuma cewa mai da hankali kan abin da ke waje da jiki ya fi mai da shi kan gaɓoɓi. A boling wannan yana nufin ido da tunani su tsaya kan kibiya.

Daga waɗannan bincike masu horarwa suka ɗauki darasi. Akwai lokacin gyaran hannu, inda maimaici ke da amfani, musamman ga sabon shiga, kuma ba a rubuta maki a lokacin. Akwai kuma atisayen da ya kamata ya yi kama da gasa: tituna biyu, ana canzawa, ana zama tsakanin jifa da jifa, ana rubuta maki, tare da abokin hamayya da ɗan abin da za a rasa, ko da kuɗin lemo ne. Ana kuma son mutum ya sami tsari guda da yake bi kafin kowace jifa, ya goge ƙwallo, ya sa ƙafa a falankinsa, ya ja numfashi, ya kalli kibiya, ya tafi. Tsarin yana cike gurbin da damuwa za ta shiga. Maki a irin wannan atisaye yakan sauka, kuma wannan ne ya sa mutane da yawa ba sa son sa.

Sai kuma batun kala, wanda kusan kowa ke yi wa riƙon sakainar kashi domin ba shi da armashi. Mutumin da ke kayar da kwalabe tara a jifa ta farko, ya kwashe ɗayar a ta biyu, tun daga turmi na farko har na goma, zai tashi da maki 190 ba tare da kwaf-ɗaya ko guda ba. Duk kalar da ya ɓarar kuwa tana cin sa maki goma ko fiye. Kwalbar da ta fi ba masu hannun dama wahala ita ce ta 10, wadda ke can kusurwar dama a bakin kwata, domin ƙwallo mai lanƙwasa guje mata yake yi. Gwanaye sukan ajiye wani ƙwallo na dabam mai santsin fata domin ta. Sukan tsaya a can hagu, su ratsa titin da miƙaƙƙiyar jifa, ta yadda ko man ya bushe ko bai bushe ba, hanyar ƙwallon ɗaya ce a turmi na farko da na ƙarshe.