Ƙidayar da ake yi a ƙauye, ita ake aiki da ita a Yamai

'Yan uwa manoma da makiyaya, kowa ya taɓa ganin malamin gona ya shiga gona da igiya da takarda. Yana auna ɗan wuri, ya kafa turaku huɗu, ya ce kada a taɓa hatsin wurin sai ya dawo. Kowa kuma ya ga malamin dabbobi yana rubutu ranar allurar shanu. Mutane da yawa suna tambaya, ina takardun nan suke zuwa, wa yake karanta su?

Takardun suna tafiya daga ƙauye zuwa babban garin jiha, kamar Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Daga nan sai Yamai. A can akwai ma'aikata da ba su yawo a ƙauyuka, aikinsu ba shugabannin ƙasa shawara kan tattalin arziki. Ba su san gonarka ba, ba su san garkenka ba. Lambar da aka rubuta ita kaɗai suka sani.

Yadda ake haɗa lissafi

Kowace ma'aikata da nata lissafi. Ma'aikatar noma tana ƙidayar hatsi da dawa da wake. Ta kiwo tana ƙidayar bisashe da ciyawa. Masu auna ruwan sama suna da nasu. Kwastan sun san abin da ya shigo ƙasa da abin da ya fita. Baitulmali ya san kuɗin da ke hannu. In kowa ya riƙe takardarsa, ba abin da zai yiwu, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin masu ba da shawara shi ne su tara takardun nan wuri guda, su gwada wannan da waccan. In malaman gona sun ce damina ta yi kyau a wani yanki, amma ma'aunin ruwa ya nuna fari na kwana 20 a watan Agusta, sai a koma a bincika.

Bayan kaka sukan yi wani babban lissafi. A gefe ɗaya a sa hatsin da aka girbe, da wanda ya saura a rumbuna. A ɗaya gefen a sa yawan bakunan da za su ci. Ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi a Nijar shi ne kilo 231 ga kowane mutum a shekara, wato buhu biyu da tiya wajen 12. In hatsi ya fi baki, an yi rara. In baki ya fi hatsi, akwai giɓi, sai a faɗa wa magabata tun da wuri, don a sayi hatsi a zuba a rumbunan OPVN, ofishin cimaka da aka kafa a 1970.

Yawan bakuna kuwa daga ƙidayar jama'a ake samunsa. An yi ta farko a 1977, aka samu mutum miliyan 5 da 'yan kai. A 1988 an zarce miliyan 7, a 2001 miliyan 11, a 2012 miliyan 17. Tun 2004 akwai hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, mai kula da wannan aiki. Da lambobinta ake duba inda ya kamata a haƙa rijiya, a gina lakkwal ko gidan likita.

Darussan da aka koya

Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da 1974 ba. Garkuna sun ƙare, mutane sun bar garuruwansu, taimako kuma ya makara. Dalilin wannan fari ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, sannan a 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, mai bin labarin ruwan sama da shuka. A 1989 Nijar ta kafa tsarin gargaɗin gaggawa, SAP, don labarin yunwa ya isa Yamai kafin yunwar ta yi ƙarfi.

Lissafin kuɗi ma yana da nasa darasi. Ma'aikatar fasali ta tsara shirin shekara biyar na 1979 zuwa 1983 lokacin da ƙarfen uraniyom na Arlit yake da daraja. Sai farashinsa ya faɗi a kasuwar duniya a farkon shekarun 1980. Kuɗin da aka sa rai bai shigo ba, bashi ya yi nauyi, ayyuka da dama suka tsaya. Haka manomin da ya ci bashi a kan gyaɗar da bai cire ba tukuna.

Darasi na uku shi ne na 2005. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Lissafi ya nuna giɓin ton wajen 223,000. Giɓin bai kai na manyan shekarun fari ba. Amma hatsi ya yi tsada a arewacin Najeriya ma, bai shigo ba yadda aka saba. Da damina buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, kuɗin dabba kuma ya faɗi. Makiyayi ya sayar da tumaki da yawa kafin ya samu buhu guda. Yara da yawa sun rame a jihohin Maraɗi da Damagaram, inda hatsi yake jibge a kasuwa amma talaka ba shi da kuɗin saye. Daga nan aka ƙara gane cewa ƙidayar dami kaɗai ba ta isa ba. Dole a bi farashin tiya da na akuya a kasuwanni kowane mako, a haɗa su da lissafin girbi.

Naka rabon aikin

Tun zamanin Turawa mutane suka koyi ɓoye kawuna da bisashe saboda haraji da jangali. Wasu har yau in sun ga mai takarda sai su rage. Mu duba abin da hakan ke jawowa. Mai gida yana da mutum 10, ya ce 6 ne. An bar mutum 4 ke nan, abincinsu na shekara ya fi buhu 9. In gida 100 suka yi haka a gari ɗaya, buhu 900 da ɗoriya sun ɓace daga lissafi. Ranar da fari ya zo, da lambar da kuka bayar za a auna rabon garinku. Wanda ya ɓoye shanunsa, ba za a tanadi allura da dusa dominsu ba.

Wasu kuma ƙarawa suke yi. Gona ta ba da dami 40, a ce 10, don a samu taimako. Wannan hatsin daga bakin wani gari aka ɗauke shi, garin da ba shi da ko dami ɗaya.

Doka ta hana ma'aikatan ƙididdiga su ba mai karɓar haraji abin da ka faɗa musu. Saboda haka in sun zo, ka faɗi yawan iyalinka har da jariri da tsohuwa. Ka faɗi damin da ka samu. Ka kai dukan garke wurin allura. Kai da ka yi yaƙi da jahilci, ka nemi littafi ka riƙa rubuta ranar shuka, yawan dami, da kuɗin tiya a kasuwarku. Ka karanta wa maƙwabta wannan shafi a dandali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.